Ba a Auna Yaro da Tiya

Bahaushe mutum ne mai son awo. Hatsi da tiya yake aunawa, yadi da kamu, gona kuwa da yawan damman da aka ɗaure a cikinta. Wanda ya je kasuwa ya sayo gero ba tare da an auna a gabansa ba, in ya komo gida dariya za a yi masa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne, sa'ad da iyaye suka tashi zaɓa wa ɗansu makaranta, su nemi abin da za su auna ta da shi. Ma'auni biyu ne suka fi saurin zuwa hannu, watau yara nawa ne a cikinta, nawa ne kuma suka ci jarrabawa. Ga labarin wani gida na masu bi a birnin Maradi, inda ma'aunan nan biyu suka sa uba da ɗansa suka yi wata uku suna ja-in-ja a kan yarinya 'yar shekara huɗu.

Maigidan tsohon malamin makaranta ne. A makarantar mishan ta Tsibiri ya fara karatu, ya kuma koyar fiye da shekara talatin a ƙauyukan jihar Maradi kafin ya ajiye alli. Dattijo ne a ikkilisiyarsu, amma mutanen unguwa duka, Kirista da Musulmi, Baba Mushe suke ce masa. Ɗansa yana riƙe wa wani babban ɗan kasuwa lissafi, mutum ne wanda ba ya yarda da magana sai ya gan ta a rubuce cikin layi. Yarinyar 'yar ɗan ce, jikar tsohon ke nan, wadda yake tsokana yana ce mata amaryarsa. Tana da wayo, tana da kunya, tana kuma da i'ina. In tana tare da kakarta a tsakar gida sai ta yi ta zuba, amma da baƙo ya ɗaga murya, maganarta takan sarƙe a maƙogwaro, ta sunkuyar da kai.

Dokar ilimi ta shekarar 1998 ta sa karatun ƙananan yara, waɗanda ba su isa shiga ajin farko ba, cikin tsarin makarantun ƙasar Nijar. Jardan ake ce wa irin wannan makaranta, watau lambun yara, da yawa kuma suna cikin harabar makarantar firamare ne. Yaran da ke samun shiga kaɗan ne ƙwarai in an gwama da yawan yaran ƙasar, mafi yawansu kuma 'yan birni ne. Gidan nan sun yi sa'a, gama jardan uku na gwamnati ne ke kusa da su. Akwai na masu zaman kansu, akwai ma na wata ikkilisiya a wancan gefen gari, amma kuɗin wata da kuɗin kabu-kabu safe da rana sun fi ƙarfin aljihunsu. Zaɓin dai tsakanin ukun nan yake. A watan Oktoba ake komawa makaranta, amma tun cikin sanyin Janairu tsohon ya tayar da maganar, domin ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Takardar ɗan

Bayan mako guda ɗan ya zo da takarda mai layi uku. Ya bi ta hannun abokansa ya samo yawan yaran da aka rubuta a kowace jardan, da kuma sakamakon jarrabawar ƙarshen firamare na makarantun da suke ciki. Ta farko tana bakin kwalta, ita ce ta fi yawan yara, firamarenta kuma ita ce gaba a jarrabawa. Ta biyu tana bayan kasuwa, yaranta kaɗan ne. Ta uku tana can ƙarshen unguwa, inda gidajen laka suka fi yawa, tsaka-tsaki take a yawan yara, tsaka-tsaki a sakamako. Ya ja layi a ƙarƙashin ta farko.

Ya ce, "Baba, ga shi a rubuce. Inda mutane suka yi cincirindo, nan kayan kirki suke. Ga kuma jarrabawa ta shaida."

Tsohon ya sa tabarau, ya daɗe yana duba takardar. Ya yaba wa tsabtar aikin, sa'an nan ya ce, "Na gani. To, su wane ne suka zauna jarrabawar nan?"

Nan ne gardama ta soma. Abin da tsohon yake nufi shi ne, 'yan jardan ba su zaman jarrabawar ƙasa. Yaran da suka ci makin da ke kan takardar 'yan shekara goma sha biyu ne ko sha uku, sun bar jardan tun shekara shida ko bakwai da suka wuce, wasunsu ma ba su taɓa shiga ba. Malamar da ta riƙe su a lokacin, watakila an yi mata canjin wurin aiki tuntuni. Makin nan labarin jiya yake bayarwa, na wani aji dabam, a hannun wasu malamai dabam.

Ban da wannan kuma, shekara talatin cikin aji sun koya masa cewa maki yakan fi ba da labarin gidan da yaro ya fito bisa ga na makarantar da yake zuwa. Makarantar bakin kwalta 'ya'yan ma'aikata ne suka cika ta. Yaro ya karya kumallo kafin ya fito, akwai fitila a ɗakinsu, uwarsa ta iya duba littafinsa, da maraice kuma akwai mai zuwa gida ya ƙara masa darasi. Irin wannan yaro ko a gindin bishiya aka koya masa zai ci. A ƙarshen unguwa kuwa 'ya'yan 'yan ga-ruwa ne, da masu tura kura, da mata masu tallar fura. In malami ya ɗauki irin waɗannan yara ya kai rabinsu ga ci, mai yiwuwa ya fi na bakin kwalta aiki, amma takarda ba za ta faɗa ba.

Ya kuma ba ɗan misali irin na masu lissafi. A ce wata makaranta ta tace ɗalibanta, ta maimaita wa raunana aji, ta kai yara 20 kurum jarrabawa, 18 suka ci. Za a rubuta mata 90 cikin 100. Wata kuma ta kai yara 100, ba ta bar kowa a baya ba, 70 suka ci. Za a rubuta mata 70 cikin 100. A takarda ta farko ce gaba, amma ta biyu ta fitar da yara 70, ta farko 18. Ɗan ya yarda lissafin daidai ne, amma ya ce babu shaidar cewa haka ake yi a bakin kwalta. Tsohon ya ce shi ma bai ce ana yi ba, abin da ya ce shi ne takardar ba ta isa ta nuna ko ana yi ko ba a yi ba.

Game da yawan yara kuwa, ya ce yawa albarka ne a kasuwa, amma a cikin aji rabo ne, gama malama ɗaya ce ake rabawa. In safiyar makaranta awa huɗu ce, minti 240 ke nan. A raba wa yara 80, kowa ya sami minti 3. A raba wa 30, kowa ya sami 8. Yarinyar da kalma ɗaya takan ci mata rabin minti kafin ta fito, me za ta yi da minti 3? Duk da haka bai ce ƙarancin yara shi ne alheri ba. Aji yana iya zama fayau domin iyaye sun ga wani abu sun janye 'ya'yansu. Adadi ba ya ƙarya, sai dai ba ya faɗin dalili. Saboda haka ya ce gani ya kori ji, zai je ya gani.

Abin da ido ya gani

Cikin watan Fabrairu ya zaga duka ukun, kowace sau biyu, ba tare da ya aika zai zo ba. Da yake tsohon malami ne, ba wanda ya hana shi shiga. Akan kawo masa kujera ya zauna a bayan aji.

A bakin kwalta, tun daga ƙofar makaranta ya jiyo muryoyin yara suna ƙirga da Faransanci, da ƙarfi kamar rufin zai ɗaga. Ajin ya cika maƙil, yara zaune kan tabarmi gwiwa na gugar gwiwa. Malamar ba raguwa ba ce, gumi take yi, muryarta har ta dushe. Amma tsohon bai dubi bakin da ke buɗe ba, ya dubi na rufe. A layin baya ya ga yara da dama leɓunansu kawai ke motsi, wani ma ya jingina da bango yana barci. Da aka fita hutu ya kira wani yaro da ya fi kowa murya, ya zuba tsakuwa bakwai a ƙasa ya ce ya ƙirga. Yaron ya rera har ashirin, bai taɓa ko tsakuwa ɗaya ba. Waƙa ya haddace, ƙirga tukuna. Tsohon bai ga laifin yaron ba, bai kuma ga na malamar ba, domin wanda aka ba taro irin wannan ba shi da dabarar da ta wuce a faɗa tare. A shekarar 2025 an mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki, amma har wa yau uba da yawa, in ɗansa ya rera masa ƙirga da Faransanci, sai ya ɗauka karatu ya zauna.

A bayan kasuwa ya tarar da ɗaki mai kyau, yara kaɗan suna wasa a ƙasa, babbar yarinya daga firamare tana tsaronsu da tsumagiya. Zuwansa na biyu ma haka ya tarar. Bai tambayi inda malamar take ba, gama bai san abin da ke damunta ba, watakila ciwo ne, watakila wata wahala. Amma ya gane dalilin ƙarancin yaran.

A ƙarshen unguwa ya tarar da ɗaki na bulo wanda fentinsa ya koɗe, da dogon yaro a tsakar fili, da randa a gindinsa an rufe ta da faifai. Babu kayan wasa na kanti. Marafen kwalba ne, da 'ya'yan tsamiya, da gwangwanaye. Malamar dattijuwa ce, ta raba yaran gungu-gungu, tana bi tana durƙusawa. Da Hausa take magana da su, Faransanci kuwa cikin waƙa da gaisuwa take shigo da shi kaɗan-kaɗan. Ya lura kowane yaro da sunansa take kiransa, ba ta cewa "kai" ko "ke can". Wani yaro ya ɓata wandonsa, ta ja shi bayan ɗaki ta gyara shi, ba ta bar sauran sun sani ba. Ita ma tana da tsawa, ya ji ta sau ɗaya, amma ya ga yaran ba su firgita ba.

Da aka tashi ya gaishe ta, ya ce, "Madam, ina da jika mai i'ina. Mu kuma gidan Kirista ne. Ina so in ji daga bakinki yadda za ta zauna a nan."

Ta ce, "Baba, mai i'ina jira yake so, ba a ƙarasa masa magana. Na taɓa riƙe irinsu. Zancen addini kuwa, ni Musulma ce, amma ɗan da aka kawo mini amana ne. Ba wanda zai tsangwame ta a gabana. In an yi a bayana, ku zo ku gaya mini."

Akwai wani abu kuma da tsohon ya duba a duka ukun tun kafin ya zauna, watau rufi da ƙofa. Ba mutumin Maradi da zai manta da ranar 8 ga Nuwamba 2021, sa'ad da wuta ta kama azuzuwan zana a wata makaranta cikin birnin, yara aƙalla 25 suka rasu, 'yan shekara biyar da shida. Wata bakwai kafin wannan, ranar 13 ga Afrilu, irin haka ta faru a unguwar Pays-Bas a Yamai, inda yara wajen 20 suka rasu, yawancinsu 'yan jardan. Bayan gobarar Maradi ne gwamnati ta hana sa 'yan jardan cikin azuzuwan zana a ƙasa duka. Azuzuwan zana kuwa yawan yara ne ke haifar da su, gama in ɗalibai sun fi ɗakuna sai a kafa rumfa. Adadin da uba ke gani ya ce makaranta ta yi farin jini, shi ne adadin da ke iya cushe yara a bakin ƙofa guda. Saboda haka tsohon ya tsaya a kowace ƙofa ya auna faɗinta da ido, ya duba ko ciki take buɗewa ko waje, ya kuma tambayi kansa ko malama ɗaya za ta iya fitar da yaran nan duka kafin ta ƙirga ɗari. A bakin kwalta ɗakin na siminti ne, amma amsar da zuciyarsa ta ba shi ba ta kwantar masa da rai ba.

Shaida daga nesa

Mai karatu yana iya cewa wannan duka ra'ayin tsoho ne wanda ya gaji da jarrabawa. Amma a Amurka, inda aka saba jera makarantu bisa ga maki, masu bincike sun bi sawun 'yan jardan har suka girma, abin da suka samu kuwa ya cancanci a ji.

A shekarar 1962, a garin Ifsilanti cikin jihar Mishigan, aka soma wani gwaji da yara 123, 'ya'yan baƙar fata matalauta. Aka sa 58 a jardan, 65 ba a sa su ba. Malama ɗaya tana da yara biyar ko shida, tana kuma ziyartar gidajensu kowane mako. Da farko 'yan jardan sun yi gaba a gwajin ƙwaƙwalwa, amma kafin su kai shekara goma bambancin ya shuɗe. Da maki kaɗai aka duba, da an ce an yi asarar kuɗi. Sai da suka kai shekara 40 aka ga 76 cikin 100 na 'yan jardan suna da aikin yi, ga sauran kuwa 62. Waɗanda 'yan sanda suka kama sau biyar ko fiye, 36 cikin 100 ne a cikin 'yan jardan, 55 a cikin sauran.

A birnin Boston, tsakanin 1997 da 2003, masu neman jardan na gwamnati sun fi wuraren da ake da su, sai aka riƙa jefa ƙuri'a. Daga baya aka bi sawun yara fiye da 4,000, aka fitar da sakamako a 2021. Ba a ga bambanci a makin jarrabawar jiha ba tsakanin waɗanda ƙuri'a ta ɗauka da waɗanda ta bari. Amma waɗanda suka shiga sun fi gama sakandare, sun fi shiga jami'a, an kuma fi ƙarancin dakatar da su daga makaranta domin horo.

A jihar Tenesi kuwa abin ya juya. An bi yara wajen 3,000. A ƙarshen shekarar jardan, waɗanda suka shiga sun fi sauran sanin haruffa da lambobi. Amma sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna cewa a aji shida sun koma baya a maki, an kuma fi samun su da laifi a makaranta.

Amurka ba Maradi ba ce, ba kuma inda za a sami malama ɗaya ga yara shida a jardan na gwamnati a birnin nan. Amma labaran uku sun haɗu a wuri guda. Makin farko bai faɗi ƙarshen yaro ba, ko ta gefen alheri ko ta gefen hasara. Sunan jardan ma kaɗai bai isa ba, sai an san abin da ke gudana cikin ɗakin. Abubuwan da yaro ɗan shekara huɗu ya fi bukatar koya, kamar jiran layinsa, da sauraro, da rabon abu da ɗan'uwansa, da buɗe baki ya yi tambaya ba tsoro, ba su da layi a takardar sakamako, ko da yake su ne ke raka mutum har tsufansa.

Maganar da ta raba gardama

Tsohon ya kawo wa gida abin da ya gani, amma ɗan bai sauka ba. Yana kuwa da hujja. Ya ce duk yaron da ya shiga jardan ɗin bakin kwalta ya sami ƙafa cikin firamarenta, wanda ya zo daga waje kuwa sai ya sha wuya kafin a rubuta shi. In an kai yarinyar ƙarshen unguwa, an zaɓa mata shekara biyu masu daɗi, an kuma sa shekara shida cikin kasada. Daɗin daɗawa, ƙarshen unguwa ya fi nisa, akwai hanyar da kabu-kabu ke gudu, wa zai riƙa kai ta? Shi dai ba ya son 'yarsa ta tashi a baya, gama ya san yadda ɗan talaka, balle Kirista wanda danginsa ba su da yawa a ma'aikatu, ba shi da tsani sai takardar shaida. Tsohon ya ji wannan, bai musa ba, domin shi ma da wannan tsanin ya hau.

Haka aka kai watan Afrilu, ana cin tuwo tare, ana tafiya sujada tare, amma in an taɓo zancen makaranta sai kowa ya yi shiru. Wata Lahadi da dare, a addu'ar gida, karatun ya faɗo kan Littafin Sama'ila na Fari, sura 16, inda aka aiki annabi Baitalami gidan Yesse. Da ya ga Eliyab, tsayinsa da kyan siffarsa sun cika masa ido, amma Ubangiji bai zaɓe shi ba. 'Ya'ya bakwai suka wuce a gabansa, sai da ya tambaya ko saura kafin aka tuna da autan da ke jeji wurin tumaki. Tsohon bai yi wa'azi a kai ba. Ya ce kurum abin da ke ba shi mamaki shi ne, ko uban da ya haife shi bai sa Dawuda cikin lissafi ba. Ɗan ya yi murmushi ya ce, "Baba, na ji inda aka dosa." Amma bai ce ya yarda ba.

Wadda ta raba gardamar ita ce wadda ba a tambaya ba. Uwar yarinyar ba ta iya sa baki a gaban surukinta, saboda haka ta bi ta wurin tsohuwa. Kashegari tsohuwar ta sami maigidanta da ɗanta a zaure, ta ce, "Ku biyu kun auna makarantu, ba wanda ya auna yarinyar. Uwarta ta ce a makarantar Lahadi, wata uku ba ta buɗe baki ba, sai ranar da malamarsu ta zauna kusa da ita a ƙasa ta jira. Tun daga ran nan take amsa tambaya. In kun kai ta inda ake faɗa tare, za ta koyi motsa leɓe, ku kuwa ku ce tana karatu." Sa'an nan ta dubi ɗan ta ce, "Zancen nisa kuma, ƙafata ba ta mutu ba tukuna. Ni zan kai ta, in ɗauko ta."

Ɗan ya ɗauki hutun safiya guda, ya je ƙarshen unguwa da kansa, ya je bakin kwalta. Da ya komo bai ce takardarsa ta yi kuskure ba, gama ba ta yi ba. Ya ce layukanta ne suka yi kaɗan. Ya ɗauko sabuwa, ya ƙara layi: yara nawa ga malama ɗaya, kwana nawa malama ta zo cikin wata, ƙofa nawa, akwai ruwa, akwai makewayi, da me aka yi rufi. Da ya cika su, layin da ya ja ya koma ƙarƙashin ta uku. Amma ya kafa sharaɗi, cewa bayan shekara biyu za a sake zama a kan zancen firamare, a ranar kuwa makin jarrabawa zai sami kujerarsa a zaure. Tsohon ya ce wannan daidai ne, domin a firamare makin ya fi kusa da abin da ake tambaya.

A watan Oktoba aka rubuta yarinyar. I'inarta ba ta tafi ba, ba kuma wanda ya san ko za ta tafi. Sati biyu na farko kuka take yi a hanya, tsohuwar tana lallashi da ƙuli-ƙuli. Wajen Kirsimati ta fara kawo sunayen ƙawaye gida. Wata rana ta zuba 'ya'yan tsamiya a gaban kakanta, ta taɓa su ɗaya-ɗaya har tara, a wurin shida ta sarƙe, ya jira, ta wuce. Uban kuma, da aka yi taron iyaye, aka ji ya iya lissafi, sai aka sa shi ma'ajin kwamitin makaranta. Aikinsa na fari shi ne tara gudunmawar da aka fasa bango aka yi wa ajin ƙofa ta biyu. Yawancin waɗanda suka ba da dala-dalarsu Musulmi ne, maƙwabta, yaran da za su bi ta ƙofar kuwa na kowa ne.

Ga iyaye da dattawan ikkilisiya

Ba kowane gida ke da tsohon malami ba, amma kowane gida yana da mai ƙafa da ido. Uba ko uwa da ba su taɓa zama a aji ba suna iya tsayawa a bakin taga rabin awa. Su duba ko malama tana nan, ko tana kiran yara da sunansu, ko tana saukowa daidai tsayinsu. Su dubi na layin baya. Su ƙirga kawuna, su ƙirga ƙofofi, su buɗe randa. Su koma wata rana ba tare da sanarwa ba. In an ba su adadi su karɓa da godiya, sa'an nan su tambaya adadin wane ne, na wace shekara, wa aka bari a waje.

Dattawan ikkilisiya da zumuntar mata su ma suna da rabo a nan. Yawancin 'ya'yan masu bi makarantun gwamnati suke zuwa, bai kamata a san su a makarantar Lahadi kaɗai ba, a manta inda suke kwana biyar na mako. Markus ya ba da labari a sura 10 cewa almajirai sun ga ƙananan yara ba su isa su ɓata wa Ubangiji Yesu lokaci ba, shi kuwa ya ji haushin haka, ya rungume su ya sa musu albarka. Ikkilisiyar da ke bin sawunsa za ta san sunan malamar jardan ɗin unguwarsu, ta gaishe ta, ta yi addu'a dominta, ta kuma aika mutum taron iyaye. Za ta kuma tuna da ɗimbin yaran ƙauyuka da na bayan gari waɗanda ba su da ko jardan ɗaya, balle uku da za a zaɓa, waɗanda sunansu bai shiga kowace takarda ba. Allah ya ba iyaye idon gani, ya ba malamai haƙuri, ya kuma tsare ƙananan nan a fitarsu da shigarsu. Amin.